Nakiyar Tasalla da Ƙishirwar Kiyashi

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu santin tuwo."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To, ku gyara zama. Kai Sagiru, maigidana, janye ƙafarka daga bakin murhu, garwashin nan bai mutu ba."

A wani ƙauye an yi wata mata ana ce da ita Tasalla. Ba a san ta da komai ba sai nakiya. In ta jiƙa shinkafa ta daka, ta soya garin a kasko, ta zuba zuma da man shanu da citta da kanumfari ta kirɓa a turmi, ƙamshin sai ya tsallake katanga uku. Mace ce mai sanyin hali. Ko tukunya ce ta fashe mata ba ta ihu, sai dai ta tsuguna ta duba ta ina ta fara tsagewa.

Wata shekara da bazara rana ta buɗe wuta. Tafkuna suka ƙafe, rijiyar gari ta yi ƙasa, sai mata sun yi sammako su tafi wata rijiya mai nisa, ba su dawowa sai rana ta take. Kullum da yamma hadari ya taso ya yi ta gurnani, ya watse ba ko ɗigo. Ana cikin haka sai ga saƙo: 'yarta Ladidi, wadda ke aure a wani gari mai tafiyar rabin yini, ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Suna ranar Asabar.

Gidan surukan Ladidi babban gida ne, sassa tara. Al'adarsu kuwa, uwar mai jego takan kai wa kowane sashe curin nakiya guda. In aka tsallake sashe ɗaya, ba Tasalla ce za ta sha gori ba, tunda ita a ranar za ta juyo gida. Ladidi ce za ta zauna da maganar har yarinyar ta yi haƙora.

Zuma ɗan tulu ɗaya ya rage wa Tasalla, masu amya kuma sun ce babu wata sai bayan damina. Ranar Litinin ta juye shi duka a turmi. Ta sami curi goma sha biyu, kowanne ya cika hannu biyu. Ta jera su a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye a madafi. Ta ce, "Tara na surukai, uku na ko-ta-kwana. Alhamdulillahi."

To, akwai wani abu da ta yi a makon nan wanda ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Tun zamanin uwar mijinta, randar gidan a gindin tsamiya take, a kan tulin yashi. Randar ƙasa kun san ta da tsattsafo, saboda haka yashin nan kullum a jiƙe yake. Da zafi ya tsananta, akuyar Tasalla ta koyi ture faifai da hanci tana tsoma baki. Sai Tasalla ta mirgina randar ta shigar da ita madafi, ta ja ƙyaure.

Ranar Talata da safe ta shiga ɗaukar tulu, sai ta ga kiyashi. Layi guda, ja wur, sun shigo ta ƙarƙashin ƙyaure suna bin gindin bango. Ta nufi ƙwaryar nakiya. Ta buɗe faifai ta ƙirga, sha biyu, ba abin da ya taɓa su.

Sai ta ji an ce, "Shalamu alaikum, Inna Tasalla. Shannu da aiki."

Gizo ne, da tsamin bakinsa. A jinkar rumbunta yake zaune. Bai yi noma ba bara, bai kuma yi niyyar yi bana ba, tun jiya ƙamshin nakiya ya hana shi sakat.

Tasalla ta ce, "Yauwa, maƙwabci. Ka ga baƙin da na yi?"

Gizo ya dafe ƙirji da ƙafa huɗu. "Kiyashin bazara! Inna, waɗannan ba su da imani. Amma kin yi sa'a, kakana da maganinsu ya yi suna. Kewaye ƙwaryar da toka. Ni kuma zan zauna in yi miki gadi, don zumunci kawai."

Ta ɗebi toka mai sanyi ta zagaye ƙwaryar, faɗin tafin hannu, ba ta bar ko kafa ba. Ta aza gammo, ta ɗau tulu, ta tafi rijiya.

Tana fita Gizo ya gangara wajen kiyashi. "Shannunku, bayin Allah. Ina zuwa haka?"

Suka ce, "Ruwa muka zo sha a gindin randa."

"Ruwa kawai? Ashe ba ku ji an yi haihuwa ba? Uwar gida ta ce curin sama naku ne, sadaka. Na sama kaɗai fa, kada ku taɓa na ƙasa."

Kiyashi suka ce, "Allah ya raya! Amma tokar nan fa?"

"Wannan don kaji ce. Ku ga hanyarku."

Ya saƙa zare daga bango zuwa bakin faifai. Kiyashi suka bi a layi, suka hau curin sama, kowa ya gutsuri daidai bakinsa yana sa albarka.

Da rana ta take Tasalla ta dawo. Ta ɗaga faifai, curin sama ya yi ja da kiyashi, duk sun rarake shi.

Gizo ya faɗi ƙasa yana birgima. "Na yi yaƙi, Inna! Na yi yaƙi, sun fi ƙarfina!"

Ta ce, "To, ba komai. Wannan ba ya zuwa gidan surukai. Sai in karkaɗe in ci da kaina."

"Ki ci? Kiyashin bazara dafi gare su! Kawo in kai miki juji in binne, kada akuya ta tsinta."

Ta miƙa masa. Ya zagaya bayan rumbu, ya hure kiyashin, ya cinye tas, ya lashe ƙafafunsa takwas. Saura sha ɗaya.

Ranar Laraba Gizo ya ce, "Kuskuren da muka yi, ƙasa muka ajiye. Rataye ta a ragaya."

Tasalla ta ɗauko ragaya, igiyar nan da ake rataye ƙwarya, ta ɗaura a tsakiyar jinka, nesa da bango. Ta shafe igiyar da man kaɗe har sai da ta yi santsi. Ta aza gammo, ta ɗau tulu, ta tafi rijiya.

Gizo ya gangara. "Shannunku! Uwar gida ta ji daɗin addu'arku. Yau ma na sama naku ne."

Kiyashi suka ɗaga kai. "Allah ya saka. Amma me ya kai ta can sama?"

"Wannan don ɓera ne. Ku ga hanyarku."

Ya sako zare daga jinka, gefen igiyar, har kan faifai. Da Tasalla ta dawo, abin jiya ne ya maimaita kansa. Gizo ya yi birgima, ya nuna mata wata ƙafa ya ce ta gurɗe a wajen yaƙi. Ya karɓi curin ya yi bayan rumbu. Saura goma.

Ranar Alhamis ya ce, "Yanzu kam za mu fito da babban sirri. Kiyashi ba su iya iyo ba."

Tasalla ta kawo babban daro, ta dasa dutse a tsakiya, ta ɗora ƙwaryar a kai, ta cika daron da ruwan da ta sha wahalar ɗaukowa. Ta aza gammo, ta ɗau tulu, ta tafi rijiya.

Kiyashi suka zo suka ga ruwa shimfiɗe kamar tafki. Suka ce, "Gizo, wannan fa?"

"Don ku wanke hannu kafin ku ci. Ku ga hanyarku."

Da ta dawo, curi na uku ya tafi. Saura tara cif, ba ko ɗaya na ko-ta-kwana, ga kuma yini guda cur kafin Asabar.

Gizo ya dawo daga bayan rumbu yana goge baki. "Inna, haƙuri ya ƙare. Ɗauko bakin wuta mu bi su har gida mu ƙone. Ko ki tafasa ruwa mu kwarara musu."

Shi kuwa ya san ko an ƙone dubu, gobe dubu za su fito, tunda ƙishirwa ba ta ƙonewa.

Tasalla ta ce, "Bari in huta tukuna, wuyana ya gaji. Je ka kai ma ka huta."

Da ya tafi, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gaban daron, ta zuba tagumi tana kallo. Ba ta kashe ko ɗaya ba. Ta daɗe a zaune har inuwar ƙofa ta juya. Can sai ta lura da abu biyu. Na farko, kiyashin da ke kan faifai 'yan kaɗan ne. Sauran duk sun yi da'ira a bakin daron, kai a ƙasa, suna shan ruwa, wasu kuma sun taru a gindin randa. Na biyu, da hasken rana ya ratso ta ƙofa, sai ta ga wani siririn zare yana ƙyalli daga jinka zuwa ƙwarya.

Ta ce, "Uhm."

Ta tashi ta bi layin, ba inda ya nufa ba, inda ya fito. Ta bi shi ta ƙarƙashin ƙyaure, ta bi shi gindin katanga, ta bi shi har ya wuce turken akuya.

Akuya ta ce, "Uwar gida, allura kika yar?"

"A'a, baƙi nake rakawa."

"In kin gama rakiyar, ki tuna da ni. Rabon da in sha ruwa in ƙoshi tun ran da kika ɓoye randa."

"Da kin sha da ladabi ai da ban ɓoye ba."

"Da kin zuba mini nawa ai da ban ture faifai ba."

Tasalla ta ga akuya ta fi ta gaskiya. Ta ci gaba da bin layi har gindin tsamiya. Nan ta tarar da tulin yashin da randa ke zama ya bushe ƙayau, ga gurbin randar nan kamar an ɗauke tukunya daga murhu. A gefensa akwai ɗan rami.

Ta tsuguna ta yi sallama. Sai ga wata tsohuwar kiyashi ta fito, ta ɗan fi sauran girma, tana takawa a hankali. Ita ce Magajiyarsu.

Magajiya ta ce, "Maraba da uwar gida. Barka da arziki, an ce Ladidi ta sauka. Mun ga sadaka har sau uku, Allah ya raya."

"Amin. Wa ya ce muku sadaka ce?"

"Wakilinki mana, Gizo. Shi ke shimfiɗa mana hanya."

Tasalla ta kwashe labari duka ta gaya mata: sassa tara, curi tara, zumar da ta ƙare, da curi ukun da aka ce an kai juji. Magajiya ta riƙe baki.

"Wayyo kunya! Mu da muka zauna da uwar mijinki shekara talatin ba mu taɓa leƙa madafinta ba! Uwar gida, mu ba ɓarayi ba ne. Bazara ce. Duk shekara in ƙasa ta bushe, yashin nan ne rijiyarmu. Ran nan muka wayi gari randa ta yi ƙafa. Muka bi sanyinta har muka same ta a ɗaki. 'Ya'yanmu ƙanana, tafiyar nan tana ba su wahala, ga zafin ƙasa. Da da ruwa a nan, me zai kai mu?"

Tasalla ta ce, "Laifina ne, Magajiya. Na yi maganin akuya, ban tambayi wa kuma ke sha a gindin randar ba."

A yammacin nan ta mirgino randar ta mayar da ita gurbinta. Ta rufe da akushi, ta danne da dutse. Ta ɗebi moɗa guda ta kwarara a kan yashin har ya yi duhu. Ta samo tsohon kasko ta cika wa akuya nata. Ta koma madafi ta share, ta wanke turmi, ta goge duk inda zuma ta ɗiga, ta ɗebo laka ta toshe kafar ƙarƙashin ƙyaure. Abin da ta kankaro daga jikin turmi kuwa ta kai bakin ramin, ta ce, "Wannan ita ce sadakar, daga hannuna."

Sa'an nan ta kwashe curi taran ta zuba a tukunya, ta kai ɗakinta ta rufe. Ta ɗebi dusar akuya, ta ɗauraye tulun zuma ta kwaɓa da ruwan, ta cura guda ɗaya mai kyau, ta shafe shi da ɗan man shanu. Ta cika sabuwar ƙwaryar da tsumma, ta ɗora shi a sama, ta rufe da faifai.

Ranar Juma'a Gizo ya zo da sassafe. "Inna, yau wace dabara za mu yi?"

"Yau ba toka, ba ragaya, ba daro. Na bar wa Allah. Kai dai yi gadinka."

Ta aza gammo, ta ɗau tulu, ta tafi rijiya.

Gizo ya duba gindin bango, ba kiyashi. Ya duba bayan murhu, ba kiyashi. Ya ruga gindin tsamiya ya same su kwance a kan yashi mai sanyi, yara na wasa.

"Shannunku! Ku taso, sadaka na jira!"

Magajiya ta ce, "Mun ƙoshi."

"Yau har da ƙarin zuma!"

"Mun ƙoshi."

"To ku ba ni aron mutum goma, su ɗan zauna a kai kawai."

"Gizo, mun ce mun ƙoshi."

Ya koma madafi yana zagaye ƙwarya, yawu na zuba. In ya ɗauka haka kawai, ba wanda zai ɗora wa laifi. Sai idonsa ya faɗa kan ƙoƙon dakakken barkono. Ya ce, "Ja ne, ƙanana ne. Daga nesa wa zai bambance?" Ya samo ƙaya ya tsattsaga curin sama, ya bulbula masa barkono ciki da waje har ya yi ja wur.

Tasalla na sauke tulu ya fara birgima. "Sun dawo, Inna! Yau sun fi na kullum yawa! Kawo in kai juji!"

Ta ɗaga faifai ta duba a tsanake. Ta ce, "Ikon Allah. Kiyashin yau ba sa motsi."

"Ƙoshi ne, barci suke."

"Har da sa atishawa."

"Irin na gabas ne."

Ta ce, "Maƙwabci, kwana uku kana wahalar zuwa juji da gurɗaɗɗiyar ƙafa. Yau na hutar da kai. Zauna nan ka cinye shi a gabana."

"Dafi fa, Inna?"

"Ka ci uku ba ka mutu ba."

Gizo ya waiga ƙofa, sai ya ga akuya ta tare ta, ta sunkuyar da ƙaho. A bayanta ga Magajiya da jama'arta sun jeru a bakin dokin ƙofa, ba wanda ya tsallako. Ya dubi curin. Ya ce a ransa, ko da barkono ai nakiya nakiya ce. Ya buɗe baki ya kai babbar loma.

Dusa! Dusa da barkono!

Idanunsa suka firfito, hawaye ya ɓalle. Ya yi tsalle ya nufi inda randa take a madafi, wayam. Ya ce, "Ruwa! Ruwa, Inna, don girman Allah!"

Tasalla ta ce, "Randa na gindin tsamiya. Sai dai ta fi ƙarfinka, na danne ta da dutse. Ka roƙi masu wurin."

Akuya ta kauce tana cewa, "Dusata ce fa aka ɓata a kanka."

Gizo ya ruga ya faɗa kan jiƙaƙƙen yashi, ya kafa baki yana tsotsa. Kiyashi suka matsa masa wuri. Magajiya ta ce, "Sha a hankali. Yanzu ka san abin da ya kai mu madafi."

Ranar Asabar tun da asuba Tasalla ta kwarara moɗa guda a kan yashi, ta cika kaskon akuya, ta mayar da curi taran cikin ƙwaryarta ta ɗauka. Ta isa ana tsakiyar shagalin suna. Sassa tara, curi tara, kowa ya sami nasa. Uwar mijin Ladidi ta gutsura ta sa a baki, ta lumshe ido, ta rangaɗa guɗa. Ladidi na daga ɗaki da jaririya a cinya, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

A hanyar dawowa hadarin da ya yi wata guda yana gurnani ya cika alkawari. Tasalla ta kifa ƙwaryar a ka, ta shigo gida a jiƙe sharkaf tana dariya, ƙamshin ƙasa ya cika tsakar gida. Daga ranar kiyashi suka sami ruwa ko'ina. Amma duk shekara in bazara ta kewayo, ba ta fasa moɗa gudan nan ba, su ma ba su sake tsallaka dokin ƙofarta ba. Gizo kuwa kunya ta kai shi can lungun jinka. Har yau a can yake, yana leƙen ƙwarya daga sama, mata na bin sa da tsintsiya.

"To, kun ji. Duk abin da ya shigo muku gida, kafin ku ɗauko wuta, ku zauna ku duba me ya kawo shi. Sau da yawa wani abu ne ku da kanku kuka gusar. Wanda kuma ke ƙoshi da matsalarku, kada ku ba shi gadinta."

"Kaka, ai mu ma akwai kiyashi a kicin ɗinmu. Umma ta ce gobe za ta sayo magani."

"Kafin ta sayo, ke Hanne ki tashi da wuri ki bi layinsu ki ga inda ya tsaya."

"Na san inda ya tsaya. Ƙarƙashin buhun gero, inda Sagiru ya ɓoye gwangwanin madara."

"Ƙarya ne! Kaka, wallahi rabi ne kawai!"

"Af, ashe da Gizo na yi aure ban sani ba. Ƙungurus kan kusu, kusun ma ko ɓarɓashin nakiya bai samu ba. Ku tashi ku wanke hannu."